Kundin aiki: injin kankare tsatsa da iska a Magazin na Suame, unguwar makanikai a Kumasi, da abin da matsi da zafi ke yi a maƙogwaron nozul

4 ga Janairu, 2025

Abin da ake haɗawa shi ne injin feshi na kankare tsatsa da tsohon fenti daga rim, murfin inji da ƙananan sassan bodi, don a rage wahalar buroshin waya da sanfefa. Kayan da ke ƙasa yau: kwampresa mai fistin biyu da moto mai kilowat 4, tanki mai cin lita 200, regileta, geji biyu masu allura da ɗaya mai lamba da ke karanta har 0.01 na ba (bar, ma'aunin matsi), tiyo mai faɗin ciki milimita 8 da tsawon mita 10, sai tankin iskar birki na tsohuwar babbar mota wanda zai zama tukunyar tsakuwa. An cika tukunyar da ruwa fal, an matsa ta zuwa ba 12, wato ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, ta yi minti goma allura ba ta motsa ba. Da ruwa ake wannan gwaji, ba da iska ba. Idan ƙarfe ya tsage da ruwa a ciki, tsartuwa kawai zai yi. Idan iska ce, fashewa zai yi da mutane a gefe.

Farantin kwampresa ya ce lita 550 a minti. Wannan lissafin shanyewar fistin ne, ba abin da ke isa tanki ba. An zazzage tanki, an tayar da inji, an riƙe agogo: daga sifili zuwa ba 8 ya ci minti 4. Lita 200 sau 8, a raba da 0.98, a sake rabawa da 4, ya ba da kusan lita 410 a minti. Wannan ita ce dukiyar da muke da ita, kuma duk sauran aikin a kanta zai tsaya.

Wannan 0.98 matsin iskar sarari ne a Kumasi. Garin yana sama da bakin teku da kimanin mita 250, don haka ya ɗan gaza 1.01 da ake samu a Accra ko Tema.

11 ga Janairu

Gwajin farko da nozul, wato bakin feshi, na tagulla mai rami milimita 3, iska zalla ba tsakuwa. An fara a ba 8, kafin minti uku allura ta sauko ta zauna wajen ba 4, kwampresa na ta aiki ba hutu. Shawarar da aka fi ji daga mastocin layi ita ce a ɗaure sukurin matsi, wai in matsi ya ƙaru iskar za ta fi gudu. A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin, domin wannan magana rabinta gaskiya ce, rabinta kuma ita ke ƙona moto.

Iska na fita ta rami ne saboda matsin baya ya fi na gaba. Kana ƙara bambancin, tana ƙara gudu, amma ba har abada ba. Duk wani sauyin matsi yana tafiya cikin iska ne da gudun sauti. Idan iskar da ke wucewa ta wuri mafi ƙunci, wanda muke kira maƙogwaro, ta kai gudun sauti, to labarin abin da ke faruwa a waje ba zai iya komawa ciki ba. Kamar mai kwalekwale ne yana tuƙi da gudun da ruwa ke koro shi: yana ta aiki, yana nan inda yake. Daga wannan lokaci nozul ya shaƙe.

Ga iska, shaƙewa na faruwa ne idan matsin waje ya sauko zuwa kashi 0.528 na matsin ciki, ko a juya a ce na ciki ya ninka na waje sau 1.89. Amma cikakken matsi ake nufi, wato abin da geji ya nuna haɗe da 0.98 na sarari. A Kumasi 0.98 sau 1.89 ya kama 1.85, a cire 0.98, saura kusan 0.9 a geji. Ma'ana tun allura ba ta kai ba 1 ba nozul ya riga ya shaƙe. Duk aikin da ake yi a ba 4, ba 6, ba 8, a cikin shaƙewa ake yinsa.

To gudun nawa ne? Iska tana sanyi yayin da take kutsawa, zafinta a maƙogwaro yana zama kashi 0.833 na wanda ta shigo da shi, a ma'aunin Kelbin, wato digiri haɗe da 273. Iska mai digiri 30 ita ce 303, sau 0.833 ya zama kusan 252.5, wato digiri 20 da ɗoriya ƙasa da sifili. Gudun sauti a wannan sanyi kusan mita 319 ne a daƙiƙa. A ba 2 mita 319 ne, a ba 8 ma mita 319 ne. Matsi bai shiga lissafin ba sam.

18 ga Janairu

Abin da matsi ke ƙarawa shi ne yawan iskar da ke wucewa. Gudu ɗaya ne, amma iskar ta fi cushewa, kowace lita ta fi nauyi. Lissafin ga iska: faɗin filin rami a murabba'in mita, sau cikakken matsi a faskal (ba 1 faskal 100,000 ne), sau 0.0404, a raba da tushen murabba'in zafi a Kelbin, sai a sami kilo a daƙiƙa. Ramin milimita 3 yana da fili murabba'in milimita 7.07. A ba 6 na geji, cikakke 6.98, da zafi 303, amsar ita ce giram 11.5 a daƙiƙa, kwatankwacin lita 610 na iskar sarari a minti. Kwampresa na ba da 410. Ba sai an nemi wani dalili ba.

Ba mu da mitar auna kwarara, don haka tankin kansa ya zama mita. A digiri 30, kowane ba 1 a tankin lita 200 yana ɗauke da giram 230 na iska. Tsarin: a cika tanki zuwa ba 8, a sa regileta a ba 6, a kashe kwampresa, a jira minti goma, a rubuta lambar geji, a buɗe bawul na daƙiƙa 20 daidai, a rufe, a sake jira minti goma, a sake rubutawa.

Jiran nan na biyu shi ne abin da aka tsallake a zagayen farko, lambobi suka fito da ƙari wajen kashi ɗaya cikin uku. Dalili: iskar da ta rage a tanki tana faɗaɗa, tana sanyi, matsinta ya faɗi fiye da abin da ya fita. Ka ɗora tafin hannu a jikin tanki za ka ji shi ya yi sanyi kamar randa. Bayan an rufe bawul, ka zuba wa gejin lamba ido, za ka ga tana hawa da kanta, 6.72, 6.80, 6.91, ba kowa ya taɓa komai ba, har ta tsaya. Wadda ta tsaya ita ake rubutawa.

An yi sa'a da wannan haɗi: giram 11.5 sau daƙiƙa 20 ya kusan cika giram 230, wato ba 1.00 cif. Saboda haka duk abin da geji ya nuna ya ragu, shi ne kai tsaye ingancin nozul. Wanda aka huda da dirili kawai, bakinsa da kaifi, ya ba da 0.85. Da aka mayar da shi kan injin fiƙa aka zagaye bakin shiga kamar bakin algaita, aka goge da sanfefa mai laushi, ya ba da 0.95. Baki mai kaifi yana sa iska ta kauce wa bango ta tsuke a tsakiya, sai ramin ya zama kamar ya fi ainihinsa ƙanƙanta.

Da wannan nozul mai zagayayyen baki aka sauke regileta zuwa ba 3. An samu 0.54. Wanda ya dubi geji zai zaci daga 3 zuwa 6 ninki biyu ne. Ba haka ba ne: 3.98 zuwa 6.98 ne, ninki 1.75, kuma 0.54 sau 1.75 ya dawo 0.95.

25 ga Janairu

Yoyo a mahaɗai biyu, ruwan sabulu ya tona su, an naɗe da tef ɗin famfo. Tanki a rufe yanzu yana rasa ƙasa da 0.01 a minti goma. An sake gwaje-gwajen makon jiya, ba su canza ba.

1 ga Fabrairu

Gwajin da ya fi kowanne gamsar da masu kallo. An ɗaura nozul a cikin guntun bututun ƙarfe mai inci biyu, aka sa geji a jikinsa da bawul a ƙarshensa, yadda za a iya tare iskar da ta fito a ɗaga matsin da ke gaban nozul yadda ake so. Baya an riƙe shi a ba 6.

Bawul a buɗe, tanki ya rasa 0.95. Matsin gaba a ba 1, 0.95. A ba 2, 0.95. A ba 3 da ƙyar aka ga bambanci, 0.94. Sai a ba 4 ya sauka 0.87, a ba 5 ya zama 0.68. Lissafi ya ce iyakar tana 6.98 sau 0.528, cikakke 3.69, wato 2.7 a geji, kuma a daidai nan abin ya fara juyawa. Ana danne gaba da ba 2 cur amma nozul bai san ana yi ba.

Wannan hali ne ya sa ɗakunan gwaji ke amfani da shaƙaƙƙen nozul wajen daidaita mitocin gas, har akwai ƙa'idar duniya ta ISO 9300 a kansa. In ka san matsi da zafin shiga, ka san abin da ya wuce. Kuma kada a haɗa shi da kan rishon gas na gida: regiletarsa tana ba da wajen miliba 30, wato 0.03 na ba, ne kawai, nesa da shaƙewa, don haka a can ƙarin matsi yana ƙara gudu da gaske.

8 ga Fabrairu

An sa geji a gindin nozul, aka gwada da wanda ke jikin regileta. Regileta na cewa 6, gindin nozul na cewa 4.6. Ba 1.4 ya ɓace a hanya. Kusan 0.9 a cikin tiyon milimita 8 ɗin nan, sauran a kan mahaɗin gaggawa mai rami milimita 5. An canza zuwa tiyo mai milimita 13, aka cire mahaɗin aka ɗaure da kilif kai tsaye, asarar ta koma wajen 0.1. Gogayya a tiyo tana raguwa da faɗi sau kansa har biyar, shi ya sa ƙarin milimita biyar ya yi wannan aiki. Daga yau duk lambar matsi da ke cikin kundin nan ta gindin nozul ce. A gwaje-gwajen Janairu nozul yana manne da regileta ne, don haka wannan bai shafe su ba.

15 ga Fabrairu

Ranar zafi. An naɗe bututun jan ƙarfe mai tsawon mita 10 aka tsoma a tukunyar ruwa a kan kurfoti, iska na bi ta ciki kafin ta isa nozul, da ma'aunin zafi mai waya a gindinsa. Bututun yana cin nasa matsin, saboda haka ana murɗa regileta har gejin gindi ya koma 6 a kowane zagaye.

Iska a digiri 80: tanki ya rasa 0.88. Da aka juye ruwan aka zuba ƙanƙara, iska a digiri 5: ya rasa 0.99. Lissafi ya yarda. Gudu yana bin tushen murabba'in zafi a Kelbin, yawan iska kuma yana bin kishiyarsa. Daga 303 zuwa 353, gudun maƙogwaro ya tashi daga 319 zuwa 344, kusan kashi 8 cikin ɗari, iskar da ake ci ta ragu da kashi 7 da ɗoriya. A digiri 5 gudun ya sauka zuwa 305.

Wato zafi ne kaɗai ke taɓa gudun maƙogwaro, amma hannunsa ba nauyi. Kafin gudun ya ninka sai Kelbin ya ninka sau huɗu, sama da 1200, wajen digiri 940. Wannan aikin roka ne da injin jirgi. A shago, bambancin sanyin asubar hunturu da zafin azahar bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba, kuma ba mu ga dalilin dumama iska ba: tiyon roba yana laushi, hannun mai feshi yana ƙuna, ribar kaɗan ce.

Wani abu da ya ruɗa yaran shago: an tura wayar ma'aunin zafi cikin bakin nozul ana jiran a ga digiri 20 ƙasa da sifili, ta nuna 26. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau. Iskar da ta bugi kan wayar tsayawa take yi, gudunta ya koma zafi, sai wayar ta karanta kusan zafin da aka shigo da shi. Sanyin yana cikin iskar da ke gudu, duk abin da ya tare ta ba zai same shi ba.

An kuma yi tambaya ko wani gas zai fi gudu. Ƙwarai, mara nauyi ya fi gudu: hiliyam a digiri 30 yana kai wajen mita 890 a maƙogwaro. Amma da babbar murya, 'yan uwa masu walda: kada a taɓa jona tulun oksijin a wannan inji ko a kowane kayan iska. Akwai mai a tiyo da regileta, mai kuwa idan ya haɗu da oksijin mai matsi kamawa yake yi ba tare da ashana ba.

22 ga Fabrairu

An fara zuba tsakuwa. Ba yashin rafi ba. Yawancinsa ƙanƙarar dutse ce, idan ya farfashe ƙurarsa na shiga huhu ta zauna, ta jawo ciwon silikosis wanda ba ya warkewa. Ingila ta hana feshi da irin wannan yashi tun wajen 1950. Muna amfani da dakakkiyar kwalba da aka tankaɗe ta rariya mai ido milimita 0.6, don ƙwayar kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ramin, in ba haka ba biyu ko uku su haɗu su toshe. Ko da kwalba, takunkumi mai matata da gilashin ido da abin toshe kunne dole ne.

A kan farantin ƙarfe mai tsatsa, ba 6 ya fi ba 3 ci nesa ba kusa ba. To ina maganar cewa gudu bai canza ba? Nan ne rabin gaskiyar mastoci take, kuma haƙƙinsu ne a faɗe ta. Gudun iska a maƙogwaro bai canza ba, amma abin da ke kankare tsatsa ƙwayar tsakuwa ce, ita kuma ba ta taɓa kai gudun iskar ba, janta ake yi. Iskar da ta fi cushewa ta fi jan ƙwaya da ƙarfi a cikin ɗan gajeren ramin nan. Na biyu, a ba 6 iskar tana barin baki da cikakken matsi 3.7, waje kuwa 0.98 ne, don haka tana ci gaba da faɗaɗa bayan ta fito, tana wuce gudun sauti na ɗan taƙi, cikin hargitsi da ƙara mai huda kunne. Ƙarin matsi yana ƙara aiki, sai dai kuɗinsa lita ne, kuma litar nan ita ce ba mu da ita.

8 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma safiya zuwa azahar. Ruwan farko ya sauka, damshi ya dawo, tsakuwa ta fara dunƙulewa a gindin tukunya tana fita guntu-guntu. A hunturu ba a ga wannan ba. Iska mai ɗumi daga kwampresa tana ɗauke da tururi, tana hucewa a tiyo sai ya zama ruwa. Bututun jan ƙarfen gwajin zafi ya sami sabon aiki: an sa shi tsakanin kwampresa da tanki a cikin durom ɗin ruwan sanyi, matarar ruwa kuma an matsar da ita kusa da tukunya. Ana buɗe bawul ɗin gindin tanki kowace safiya.

An koma nozul ɗin tangaran mai milimita 2.5. Filinsa 4.91, yana cin kusan lita 400 a ba 6, wanda ya yi wa kwampresa kankan, moto ba za ta huta ba. A ba 5 yana cin wajen 345, kuma a nan aka tsaya.

22 ga Maris

Matsi ya fara zamewa ƙasa da 5 ba tare da an taɓa komai ba. Gindin dirili mai milimita 2.8 ya shige ramin. Ƙarin 0.3 kawai, amma fili yana bin faɗi sau kansa, ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, cin iska ya koma wajen 430. Idan aka bari ya kai milimita 4, wannan kwampresa ba za ta riƙe fiye da ba 1.8 ba. Yanzu an rataye dirili uku a jikin tukunya, 2.5 da 2.8 da 3.0. Ran da na tsakiya ya shige, a canza. Nozul mai tangstin kabaid ya fi tangaran daɗewa sosai, shi ake nema.

5 ga Afrilu

Bayan sallah an koma kan hanyar da za ta ƙara gudun iska ba tare da ƙarin lita ba. Injiniyan Suwidin Gustaf de Laval ya yi ta a 1888 don injinsa na tururi: bayan maƙogwaro, a bar ramin ya buɗe a hankali. Iskar da ta kai gudun sauti, idan ta sami wuri mai faɗaɗa, ƙara gudu take yi, matsin da ya rage ya koma gudu a cikin bututu maimakon ya tarwatse a waje. Maƙogwaro na nan a shaƙe, cin iska bai canza ba. A nan kam matsi yana taɓa gudun fita: a ba 3 kusan mita 445 a daƙiƙa, a ba 6 kusan 510, kuma ko an kai matsi ina, iska mai digiri 30 ba za ta wuce 780 ba.

Don ba 6, filin bakin fita ya zama ninki 1.6 na maƙogwaro, faɗi ninki 1.26, wato milimita 2.5 ya buɗe zuwa kusan 3.2. Rima, wato ƙarfen faɗaɗa rami, mai tsini ta fil, wadda ke ƙara milimita 1 a kowane 50, tana ba da wannan a tsawon milimita 33 zuwa 35. Tunda a ba 5 muke aiki, za a yanke na gwaji a 30. Idan bakin ya yi wa matsin faɗi, iskar tana faɗaɗa fiye da kima, sai ta yi karo da matsin waje tun tana ciki, gudun ya karye.

An fiƙe guda biyu da tagulla, don iska zalla, domin tsakuwa za ta cinye su nan da nan. Na farko ya lalace, rima ta zarce ta buɗe maƙogwaro zuwa 2.7. Na biyu an huda 2.3 tukuna, aka shigar da rima daga baya da alamar tef a jikinta, sannan aka gyara maƙogwaro zuwa 2.5. Asabar mai zuwa za a sa shi a bututun inci biyu a ga har ina zai riƙe shaƙewa, ana sa ran ya wuce ba 4 a gaba. Bayan haka a auna turinsa a kan sikelin kicin, shi da madaidaicin nozul mai rami ɗaya, a matsi ɗaya.